Raymond Chandler: Akantan da aka kora daga aiki, ya koma tona asirin manyan Los Angeles

A shekarar 1932, wani kamfanin man fetur da ke birnin Los Angeles na Amurka ya sallami mataimakin shugabansa. Ba a kama shi da cin kuɗi ba, kuma babu wanda ya ce bai iya aikinsa ba. Abin da ya jawo masa shi ne shan giya, da ɓacewa daga ofis na kwanaki, da neman matan da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Shekararsa 44 a lokacin, matarsa kuma ta haura 60. Tattalin arzikin Amurka ya durƙushe tun 1929, miliyoyin mutane na gararambar neman aiki, kuma babu kamfanin da ke marmarin ɗaukar mashayin da aka kora.

Sunan mutumin Raymond Chandler. Shekara bakwai bayan korar ya fitar da littafinsa na farko. Littattafai bakwai kacal ya kammala a rayuwarsa, amma a yau ana lissafa shi cikin 'yan ƙalilan da suka sauya yadda ake rubuta labaran aikata laifi, a littafi da kuma a fim. Sau biyu sunansa ya shiga jerin masu takarar kyautar Oscar a fannin rubuta fim.

Kafin zamaninsa, yawancin irin waɗannan littattafai tambaya ɗaya suke yi: wa ya yi kisan? Chandler ya ƙara wasu a kai. Wa ke riƙe da garin? Wa ke biyan 'yan sanda? Me mutum zai rasa idan ya ƙi karɓar na-goro? Ya ƙirƙiri jarumin da kuɗi ba ya saye, alhali shi kansa ya kasa raba kansa da kwalba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Daga Chicago zuwa Landan

An haifi Raymond Thornton Chandler ranar 23 ga Yulin 1888 a birnin Chicago. Mahaifinsa, Maurice, injiniya ne a kamfanin jirgin ƙasa, kuma mashayi ne. Tun Raymond yana ƙarami uban ya gudu ya bar su.

Mahaifiyarsa Florence, 'yar asalin garin Waterford a ƙasar Ireland, ta ɗauke shi suka koma Ingila, suka raɓu da danginta a kudancin Landan. Wani kawunsa lauya ne ya riƙa ɗaukar nauyinsu, kuma yaron ya tashi yana sane da cewa shi da uwarsa a ƙarƙashin alfarmar wasu suke zaune.

A 1900 aka saka shi a makarantar Dulwich, inda ya yi karatun Latin da Girkanci na dā. Jami'a kuwa bai samu zuwa ba. Maimakon haka aka tura shi Paris da Munich ya koyi Faransanci da Jamusanci, domin ya shirya wa jarrabawar shiga aikin gwamnati.

A 1907 ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, ya zauna jarrabawar, ya zo na uku cikin mutum 600. Aka ba shi aiki a ma'aikatar sojan ruwa. Bai daɗe ba ya ajiye, abin da ya ɓata wa danginsa rai ƙwarai.

Ya gwada aikin jarida a Daily Express bai yi nasara ba. Ya riƙa rubuta waƙoƙi da sharhin littattafai a Westminster Gazette da wasu mujallu, amma abin da yake samu bai isa ya riƙe shi ba. A 1912 ya ranci kuɗi a wajen kawun nasa, ya hau jirgin ruwa ya koma ƙasar haihuwarsa.

Yaƙi, aure da man fetur

A Kalifoniya, ɗalibin da ya iya Girkanci ya koma tsinkar 'ya'yan itace a gona da ɗaura zare a faifan buga ƙwallon tanis. Ya koyi aikin akanta ta hanyar wasiƙa, sannan ya samu gurbi a wani kamfanin madara a Los Angeles.

A 1917 ya shiga rundunar sojan Kanada, aka kai shi fagen daga a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana cikin koyon tuƙin jirgin yaƙi a Ingila aka kawo ƙarshen yaƙin.

Da ya dawo Los Angeles sai soyayya ta ƙullu tsakaninsa da Cissy Pascal, matar aure da ta girme shi da kusan shekara 18, kuma matar uban abokin da suka shiga soja tare. Cissy ta rabu da mijinta a 1920, amma mahaifiyar Chandler ta ƙi amincewa da auren. Sai bayan da uwar ta rasu a Satumban 1923 aka ɗaura shi, ranar 6 ga Fabrairun 1924. A takardar auren, Cissy ta rage shekara goma daga shekarunta.

Tun 1922 Chandler ya kama aiki da kamfanin mai na Dabney a matsayin akanta. Lokacin ne aka haƙo mai a tsaunin Signal Hill da ke kusa da birnin, kuɗi na kwarara kamar ruwan sama. Ya yi ta samun ƙarin girma har ya kai mataimakin shugaba.

Daga wannan kujera ya ga yadda ake tara dukiya a Los Angeles. A 1927 kamfanin Julian Petroleum ya rushe bayan an gano ya sayar da hannayen jari na bogi, dubban mutane suka yi asarar abin da suka tara. Babban mai gabatar da ƙara na yankin, Asa Keyes, wanda ya kamata ya gurfanar da masu laifin, shi kansa gidan yari ya ƙare saboda karɓar cin hanci a shari'ar.

A shekarun ne kuma shan giyar Chandler ya yi ƙamari, duk da cewa doka ta haramta sayar da ita a Amurka daga 1920 zuwa 1933. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: halin da ya raba shi da ubansa shi ne ya raba shi da aikinsa.

Senti ɗaya a kan kowace kalma

A wancan zamani akwai wasu mujallu masu araha da ake bugawa a takarda mara inganci, cike da labaran 'yan fashi, 'yan sanda da harbe-harbe. Masu ilimi na raina su, amma talakawa na rububinsu. Wadda ta fi shahara ita ce Black Mask, inda Dashiell Hammett ya yi suna.

Chandler ya karanta su, ya ga cewa zai iya koyon rubutu ana biyansa ko da kaɗan ne. Ya ɗauki abin kamar darasin makaranta. Ya samo wani labari na Erle Stanley Gardner, ya taƙaita shi dalla-dalla, ya sake rubuta shi da kalmominsa, ya kwatanta da na asali, ya sake gyarawa.

Labarinsa na farko, Blackmailers Don't Shoot, ya fito a Black Mask a Disamban 1933. Wata biyar ya yi yana rubuta shi, aka biya shi dala 180, wato senti ɗaya a kan kowace kalma. Abokan sana'arsa kan rubuta irin wannan a mako ɗaya ko biyu. Shi kuwa bai taɓa iya sauri ba, don haka shekarun 1930 suka zame masa na talauci. Shi da Cissy sun yi ta ƙaura daga wannan gidan haya zuwa wancan. A tsawon zamansu sun zauna a gidaje fiye da 30.

Wani hanin ga Allah baiwa ne. Yawan ƙaurar ya sa ya san unguwannin Los Angeles lungu da saƙo, rashin kuɗi kuma ya sa ya rage sha sosai. Yana da tsarin aiki mai tsauri: ya keɓe aƙalla awa huɗu a rana, waɗanda a cikinsu ko dai ya yi rubutu ko ya zauna haka nan, amma ba karatu, ba amsa wasiƙa. Yakan yi amfani da rabin takarda a tafireta, domin kowane ɗan shafi ya ƙunshi abin da zai riƙe mai karatu.

Philip Marlowe da garin da ya ruɓe

A 1939 kamfanin Knopf ya buga The Big Sleep, wato babban barci, wanda ke nufin mutuwa. Chandler na da shekara 50. Ya gina littafin ne daga wasu gajerun labaransa na baya, ya narkar da su wuri ɗaya.

A nan ne duniya ta haɗu da Philip Marlowe, mai binciken sirri mai zaman kansa. Tsohon ma'aikacin ofishin mai gabatar da ƙara ne da aka kora saboda ba ya rusunawa manya. Ba shi da mata, ba shi da dukiya. Ofishinsa ɗan ƙarami ne, ladansa dala 25 a rana da kuɗin zirga-zirga. Yana shan duka a hannun 'yan daba da 'yan sanda, yana mayar da baƙar magana, kuma ba ya sayar da sirrin wanda ya ɗauke shi aiki.

A littafin, wani tsohon janar da ya yi arziki da man fetur ya kira Marlowe saboda ana barazanar tona asirin 'yarsa idan bai biya kuɗi ba. Binciken ya ratsa ta gidajen caca, masu sayar da hotunan batsa da 'yan sandan da ke kau da kai. A ƙarshe sai ta bayyana cewa gawar da ake nema tana cikin wani ramin dagwalon mai a tsohon filin haƙar iyalin, wato a gindin dukiyar tasu.

Masu karatu a Los Angeles ba su ɗauki wannan a matsayin ƙari ba. Shekara ɗaya kafin fitar littafin, a 1938, an dasa bam a motar wani mai bincike, Harry Raymond, da ke bin diddigin cin hanci a birnin. Kotu ta samu wani kyaftin ɗin 'yan sanda, Earl Kynette, da laifin. A shekarar ce masu zaɓe suka yi wa magajin gari Frank Shaw kiranye.

Littafi na biyu, Farewell, My Lovely, ya fito a 1940. A cikinsa ya zana wani gari mai suna Bay City, wanda kowa ya gane Santa Monica ne, inda jiragen ruwa na caca ke tsayawa a teku nesa da gaɓa don doka ta kasa kai musu. Labarin ya fara da kisan wani baƙar fata a mashaya, aka miƙa binciken ga ɗan sandan da ya san babu jaridar da za ta damu. Wannan ya nuna wariyar launin fatar garin ƙarara, sai dai shi ma Chandler bai tsira ba: masu sharhi sun daɗe suna sukar kalaman raini da littattafansa ke amfani da su a kan baƙaƙen fata da wasu ƙabilu.

The High Window ya biyo baya a 1942, sai The Lady in the Lake a 1943.

Wa ya kashe direban?

A Disamban 1944 Chandler ya buga wata maƙala a mujallar Atlantic mai suna The Simple Art of Murder. A ciki ya caccaki salon marubutan Ingila irin su Agatha Christie da A. A. Milne, inda ake kisa a gidan attajiri da wata dabara mai sarƙaƙiya, sannan mai bincike ya warware ta kamar wasa ƙwaƙwalwa. A ganinsa ba haka ake kisa a duniya ba. Ya yaba wa Hammett saboda ya mayar da laifi hannun mutanen da ke aikata shi da dalili, da harshen da suke magana da shi a titi.

Shi kansa bai cika damuwa da ɗaure kowane zare na labari ba. Ya fi ba da ƙarfi ga yanayin wuri, da hirar mutane, da kwatance mai kaifi. Akwai abin da ya faru da ke nuna haka.

Lokacin da darakta Howard Hawks ke shirya fim ɗin The Big Sleep, wanda ya fito a 1946 da Humphrey Bogart da Lauren Bacall, masu aikin sun rasa gane wanda ya kashe direban gidan janar ɗin. Cikin marubutan fim ɗin har da William Faulkner, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel. Suka aika wa Chandler waya suna tambaya. Ya duba, ya amsa cewa shi ma bai sani ba. Hakan bai hana fim ɗin zama ɗaya daga cikin fitattun finafinan zamaninsa ba.

Ɗaki ɗaya da Billy Wilder

Littattafan sun jawo masa suna amma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Hollywood ce ta fitar da shi daga talauci.

A 1943 kamfanin Paramount na son mayar da littafin James M. Cain mai suna Double Indemnity zuwa fim. Labarin wani dillalin inshora ne da ya haɗa baki da matar aure suka kashe mijinta don su ci kuɗin inshorar. Shekaru da dama ofishin tace finafinai na Hollywood na gargaɗin cewa labarin bai dace da majigi ba. Abokin rubutun darakta Billy Wilder, Charles Brackett, ya ce ba da shi ba. Sai aka nemo Chandler, wanda bai taɓa rubuta fim ba, aka yanka masa dala 750 a mako.

Wata huɗu suka yi a ofis ɗaya, kuma jininsu bai haɗu ba. Wilder matashi ne mai surutu, Chandler dattijo ne mai saurin fushi. Har takardar ƙorafi ya rubuta wa kamfanin, yana kukan cewa Wilder na nuna shi da sanda, yana saka hula a ofis, yana daɗewa a waya da 'yan mata, yana ba shi umarni ba ladabi.

Duk da haka aikin ya yi kyau. Chandler ya nace cewa hirar da ke littafin Cain tana da daɗin karatu amma ba za ta zauna a bakin ɗan wasa ba. Wilder ya kira 'yan wasa suka karanta, ya ga gaskiyarsa. Chandler ya sake rubuta hirar.

Fim ɗin ya fito a 1944 da Barbara Stanwyck, Fred MacMurray da Edward G. Robinson. Ya shiga takarar Oscar a fanni bakwai, ciki har da na rubutu, kodayake bai ci ko ɗaya ba. Har yau ana koyar da shi a makarantun fim. Akwai wani ɗan wuri a cikinsa da aka nuno Chandler zaune a kujera yana karatu.

A lokacin wannan aiki ne ya koma wa giya. Fim ɗin da Wilder ya yi bayan nan, The Lost Weekend, labarin marubuci mashayi ne.

Fim ɗin da aka ƙarasa cikin maye

A 1945 Paramount ta shiga tsaka mai wuya. Ana sa ran sojoji za su sake kiran babban jaruminta, Alan Ladd, kuma babu fim ɗinsa a ƙasa. Chandler na da wani labari da bai gama ba, The Blue Dahlia, game da sojan ruwa da ya dawo daga yaƙi ya tarar matarsa ta ci amanarsa, daga baya aka tsinci gawarta. Aka fara ɗauka tun rubutun bai kammala ba.

A tsarinsa, wanda ya yi kisan shi ne abokin jarumin, sojan da ya samu rauni a kai a fagen yaƙi. Rundunar sojan ruwan Amurka ta ƙi yarda a nuna sojanta a matsayin mai kisa. Chandler ya tsaya cik, 'yan wasa na jira. Wani babba a kamfanin ya yi masa tayin ƙarin dala 5,000 idan ya gama a kan lokaci, shi kuma ya ɗauki tayin a matsayin cin fuska.

Kamar yadda furodusan fim ɗin, John Houseman, ya bayar da labari daga baya, Chandler ya zo masa da sharaɗi: zai iya gamawa, amma sai a gida kuma a buge. Aka tanadar masa motoci, da sakatarori masu karɓa-karɓa dare da rana, da likitan da ke yi masa allura tunda ba ya cin abinci. Cikin kusan kwana takwas ya gama.

Fim ɗin ya fito a 1946, ya samu kasuwa, ya kuma sa Chandler ya shiga takarar Oscar karo na biyu. Amma ya daɗe bai murmure ba.

Bai ɓoye ra'ayinsa game da masana'antar ba. A wata maƙala da ya buga a 1945 ya bayyana Hollywood a matsayin wurin da ake biyan marubuci kuɗi mai yawa amma ba shi da ta cewa a kan abin da ya rubuta. Littafinsa na 1949, The Little Sister, cike yake da wannan ɗaci.

Aikinsa na ƙarshe babba a fim shi ne Strangers on a Train na Alfred Hitchcock, wanda aka ciro daga littafin Patricia Highsmith. Suka ɓata tun ba a yi nisa ba. Hitchcock ya yi watsi da yawancin abin da ya rubuta, ya ba wata marubuciya, Czenzi Ormonde, ta sake. Sunan Chandler dai ya fito a fim ɗin a 1951.

Doguwar bankwana

Tun 1946 shi da Cissy suka koma La Jolla, wata unguwa a bakin teku a birnin San Diego, suka sayi gida. Ba su haihu ba. Abokiyar zamansu wata baƙar kyanwa ce mai suna Taki. Chandler ba mai shiga mutane ba ne. Da dare yakan zauna ya yi ta rubuta wasiƙu, waɗanda bayan mutuwarsa aka tattara aka buga.

Cissy ta kamu da ciwon huhu mai tsanani. Shi ke jinyarta, shi ke yin girki, kuma a tsakanin haka ya rubuta The Long Goodbye, wato doguwar bankwana. Da ya aika wa wakilansa na New York rubutun farko a 1952, suka ce Marlowe ya yi laushi da yawa. Ya yi gyare-gyare, sannan ya rabu da su.

Littafin ya fito a Birtaniya a 1953, kuma da yawa na ganin shi ne mafi kyawun aikinsa. Marlowe ya taimaki wani abokinsa, tsohon soja mai tabo a fuska, ya tsere zuwa Meziko, ya kuma gwammace kwana a kurkuku da ya ba da shi. Akwai attajiri mai gidajen jarida da ya sa aka binne labarin kisan 'yarsa. Akwai kuma shahararren marubucin da giya ke cinyewa, wanda ya tsani littattafan da suka sa ya yi arziki. Duk wanda ya san Chandler ya gane daga ina ya samo tsohon sojan da marubucin. Abokin ya aiko wa Marlowe takardar kuɗi ta dala 5,000, ya ajiye ta bai taɓa kashewa ba, a ƙarshe ya mayar masa.

Littafin ya ci kyautar Edgar a 1955. Kafin nan Cissy ta rasu, ranar 12 ga Disamban 1954, bayan shekara 30 da aure.

Daga nan komai ya warware. A Fabrairun 1955 ya yi yunƙurin kashe kansa. Ya sayar da gidan, ya riƙa kai-komo tsakanin Amurka da Landan, inda ake girmama shi a matsayin babban marubuci, ba mai rubuta labaran nishaɗi kawai ba. A can ya ƙulla abota da Ian Fleming, wanda ya ƙirƙiri James Bond, har suka yi hira a rediyon BBC a 1958. Sau da dama ana kwantar da shi a asibiti saboda sha.

Littafinsa na ƙarshe, Playback, ya fito a 1958, kuma daga wani rubutun fim da ba a ɗauka ba ya ciro shi. An zaɓe shi shugaban ƙungiyar marubuta labaran bincike ta Amurka, ya kuma yi baiko da wakiliyarsa Helga Greene. Ya rasu ranar 26 ga Maris ɗin 1959 a wani asibiti a La Jolla sakamakon ciwon nimoniya, yana da shekara 70. Mutum 17 ne suka halarci jana'izarsa.

Abin da ya bari

Masu karanta littattafan Turanci a Najeriya, musamman waɗanda suka taso a shekarun 1970 da 1980, sun fi sanin James Hadley Chase. Chase Baturen Ingila ne da ke rubuta labaran Amurka daga nesa, kuma a kan hanyar da su Hammett da Cain da Chandler suka share ya bi. A shekarun 1940 Chandler ya yi ƙorafin cewa Chase ya kwashi wasu sassa na rubutunsa ya saka a littafin Blonde's Requiem, har sai da Chase ya nemi afuwa a fili a mujallar The Bookseller.

Jarumai da dama sun fito a matsayin Marlowe, daga Dick Powell a 1944, da Bogart a 1946, zuwa Elliott Gould a 1973 da Robert Mitchum a 1975 da 1978. Littafin da ya bari bai gama ba, Poodle Springs, Robert B. Parker ne ya ƙarasa shi a 1989. A 1995 aka saka ayyukansa cikin jerin Library of America, inda ake adana manyan marubutan ƙasar. Akwai mahaɗar titi a Hollywood da ke ɗauke da sunansa.

Mai binciken da ke aiki shi kaɗai, wanda ya gano cewa ɓarawon titi ƙaramin alhaki ne idan aka kwatanta da masu gari, ya zama ruwan dare a littattafai da finafinan duniya. Kafin Marlowe ba kasafai ake ganin irinsa ba.

Akwai abu ɗaya da Chandler bai yi ba kafin ya mutu. An ƙona gawar Cissy kamar yadda wasu ke yi a can, amma cikin ruɗewa da maye bai taɓa zuwa ya binne tokar ba. Ta zauna a ɗakin ajiya na wata maƙabarta a San Diego fiye da shekara 50. Shi kuma aka binne shi shi kaɗai a maƙabartar Mount Hope, duk da burinsa na a haɗa su wuri ɗaya.

Wasu masu sha'awar littattafansa ne suka kai maganar kotu, alƙali ya amince. Ranar 14 ga Fabrairun 2011 aka ɗauko tokar Cissy aka binne ta a kabarin mijinta.